Dogon Hutu Tsakanin Ruwa da Rairayi

Dogon hutun makarantu a arewacin ƙasar nan yakan faɗo ne daidai lokacin da damina ta kai ƙarfinta. Ana sallamar yara wajen ƙarshen Yuli, a kira su a Satumba, kuma makonnin da ke tsakani su ne na marka, lokacin da hadari ba ya ɗaga wa gari ƙafa, katangar laka ta jiƙe har ciki, sauro ya yi yawa, rumbu ya kusa ƙarewa alhali gero bai gama nuna ba. Sunansa hutu, amma duk magidanci ya san cewa babu zangon da ya fi shi nauyi a shekara. Ra'ayina, 'yan'uwa malamai da iyalanmu, shi ne mu daina barin waɗannan makonni suna wucewa yadda suka ga dama. Mu raba su gida biyu da gangan: kashin farko na tsare gida daga ruwa tare da yara, kashi na biyu kuwa, ko da na kwana biyu ne, na fita da su su ga bakin hamada da idonsu. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Akwai abin da ya haɗa su, zan kuwa zo kansa.

Mu fara da ruwa. Ambaliya ba baƙuwa ba ce, kuma tana da lokacin zuwa. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle a jihar Kano. A 2012 ruwa ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu a Nijeriya. A 2022 an rasa rayuka fiye da 600, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ranar 10 ga Satumba 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa bayan madatsar Alau ta fashe, shekara 30 bayan ta yi irin haka a 1994. A wannan watan ne tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe saboda yawan ruwan sama, har gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa ranar 28 ga watan, domin wasu makarantun sun lalace, wasu kuma sun cika da waɗanda suka rasa matsuguni. Duk wanda ya jera waɗannan ranaku zai ga sun taru ne a ƙarshen damina, yawancinsu kuma a makonnin da 'ya'yanmu ke gida ko suke shirin komawa aji.

Dalilan ma ba a ɓoye suke ba. Kogin Haɗejiya yana samun ruwansa daga madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992. Idan sun cika sai a saki ruwa, ya gangaro ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyinta, sai ya bazu cikin gonaki da gidaje a Ringim, Auyo, Haɗejiya, Guri da maƙwabtansu. A birane kuwa, kududdufan da iyayenmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan unguwa, an cike su an yi gidaje a kai, leda kuma ta toshe magudanai. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya sauka. Gidajen rediyo suna karanta wannan da Hausa. Abin da ya rage shi ne magidanci ya ji, ya ɗauka da shi ake.

To, mene ne aikin iyali? Kafin marka ta kama, a duba indararo da rufi, a yi wa gindin katanga yaɓe, a haɗu da maƙwabta a yashe kwata, domin wanda ya share ƙofarsa shi kaɗai ruwan maƙwabcinsa ne zai shigo masa. A tattara takardu masu muhimmanci, wato shaidar karatu, takardar ɗaukar aiki, takardun haihuwar yara da na fili, a ƙulle su cikin leda a rataye a sama inda kowa ya sani. A zauna a yanke tun da rana tsaka inda za a nufa idan ruwa ya shigo da dare, da wanda zai ɗauki ƙaramin yaro, da wanda zai riƙe hannun tsohuwa. Kada a kwana jikin bangon da ya sha ruwan kwana uku, domin ginin laka yakan faɗi ne bayan an ɗauke ruwa, lokacin da hankali ya kwanta. A hana yara wanka a kududdufi, a kafa gidan sauro, kada kuma a mayar da ma'aikatan lafiya masu bi gida gida kowane wata da maganin rigakafin zazzaɓin damina na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Inda ruwa ya malale masai ya shiga rijiya, a tafasa ruwan sha, a kuma tanadi haɗin gishiri da sukari saboda amai da gudawa.

Abin da nake son jaddadawa shi ne a yi duk wannan tare da yara, ba a bayan idonsu ba. Yaron aji huɗu zai iya yanke bakin gorar roba ya manna mata awo, ya kafa ta a tsakar gida, ya riƙa rubuta yawan ruwan kowace rana. Ƙanwarsa za ta iya sa alama da gawayi a jikin katanga duk inda danshi ya kai. Wannan lissafi ne, kimiyya ce, kuma maganin tsoro ne, domin yaron da aka ba aiki ba ya firgita kamar wanda aka ce masa kawai ya yi shiru ya kwanta. Mu malamai mun fi kowa sanin haka a aji, bai kamata mu manta da shi a gida ba.

Yanzu mu bi ruwan nan mu ga inda ya nufa. Daga Haɗejiya yakan shiga fadamun Nguru, ya wuce Gashuwa, ya zama kogin Komadugu Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Wanda ya bar bakin kogin a Gashuwa ya yi arewa zuwa ƙaramar hukumar Yusufari, ba da jimawa ba zai ga ƙasa ta sauya. Itatuwa su yi ƙaranci, ƙasa ta yi fari, sai ga tuddan rairayi kamar an zuba su da gangan. A can ne Tulo-Tulo take, kusa da iyakar Nijar, da dausayoyin Bulatura waɗanda ke cikin gandun ƙasa na yankin Tafkin Chadi. A cikin kwaruruwan da ke tsakanin tuddan akwai dabino da goriba da ruwa kusa da ƙasa, akwai kanwa da ake kwasa, akwai raƙuma da mutanen da suka san yadda ake rayuwa da ɗan abin da sama ta bayar. Jiha ɗaya, wata ɗaya: a kudu ana kukan ruwa ya ci gona, a arewa ana kukan rairayi ya binne ta.

A nan ne kifi ya haɗu da kaska. Ƙasar da aka sare itatuwanta aka bar ta tsirara ba ta iya riƙe komai. Idan ruwa ya zo da ƙarfi ba ya nutsewa, sai ya gudu a sama ya kwashe ƙasar noma ya cike kogi da yashi, kogin kuma ya yi ambaliya. Idan rani ya zo, iska ta ɗauki abin da ya saura. Yaron da ya taya mahaifinsa kwashe ruwa daga ɗaki a Agusta, sa'an nan ya tsaya a kan tudun rairayi a farkon Satumba ya ga kan bishiyar da yashi ya haɗiye gindinta, ba ya bukatar dogon bayani. Muna rubuta kalmar hamada a allo a darasin nazarin zamantakewa, yara su haddace su ci jarrabawa, amma haddacewa daban, gani daban.

Tafiyar kuma tana buɗe ƙofar labarai masu faranta rai, ba na tsoro kaɗai ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000. Ke nan ƙasar da muke gani busasshiya ta taɓa zama ta masunta da matuƙa jirgi. Haka nan manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun dawo da miliyoyin itatuwa gonakinsu ba tare da dashe ba, ta hanyar da suke kira sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gyara shi ya girma maimakon a ƙone shi. A kan hanya a nuna wa yaro gawo, bishiyar da ke kaɗe ganyenta da damina ta bar hatsi ya sha rana, ta yi kore da rani ta ciyar da dabbobi. A gaya masa cewa shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, ya ratsa jihohi 11 na ƙasar nan, tasa tana iya zama ɗaya daga ciki. Wanda Allah ya hore wa, hanya kuma ta yi kyau, akwai Agadas da hasumiyarta ta laka mai tsawon mita 27, wadda UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya a 2013, da taron Buzaye da Fulani na Ingal da ake yi a Satumba. Amma ba sai an kai can ba kafin a ce an ga hamada.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗa ba su yi ƙarya ba. Na farko kuɗi. Albashin malamin firamare da ƙyar yake kai wata, ga sayen kayan makaranta da littattafai yana jira a Satumba. Amsata ita ce adashi. Gidaje biyar ko shida su fara zubi tun Janairu, kaɗan kaɗan, su ɗauki shatar mota ɗaya, a yi guzuri daga gida da dambu da ƙuli-ƙuli da fura, a sauka wurin ɗan'uwa malami, domin babu garin da ba mu da namu. Wanda Yusufari ta yi masa nisa, kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis ta ishi yaro ya ga raƙuma da fataken arewa, ya tambaye su yadda ƙasarsu take.

Na biyu tsaro da hanya. Wannan ba abin wasa ba ne. A tambayi mutanen wurin kafin a tashi, a yi tafiya da rana, a fara gaida mai gari, a ɗauki ɗan jagora da motar da ta saba da yashi, a riƙe ruwan sha mai yawa. Idan ruwa ya yanke hanya ko labari bai yi daɗi ba, a ɗaga tafiyar zuwa hutun Disamba. Rairayi ba zai gudu ba.

Na uku shi ne mafi nauyi: wanda ɗakinsa ya faɗi, ina shi ina yawon buɗe ido? Gaskiya ne, shi ya sa nake ganin a sa sharaɗi tun ranar zubin farko, cewa idan ruwa ya yi wa ɗaya daga cikin gidajen ɓarna, kuɗin nasa ne, tafiya ta jira baɗi. Da haka asusun ya zama mai fuska biyu kamar yadda hutun yake. Yaran da aka gaya wa cewa bana ba za a je ba domin an gyara wa Baffa wane ɗaki, su ma sun koyi darasin da ya fi na tudun rairayi.

Sharaɗi na ƙarshe ya shafi waɗanda za a cika motar da su. Hutun damina ga uwa ƙarin aiki ne: girki da jiƙaƙƙen itace, shanyar da ba ta bushewa, jinyar mai zazzaɓi, da kwashe ruwa daga tsakar gida. Ga 'ya mace kuma sau da yawa hutu yana nufin talla da raino. Idan aka shirya tafiya aka cika mota da maza, aka bar waɗanda suka fi shan wahalar marka suna tsaron gida, an yi zalunci da sunan ilimi. A tafi da Inna, a tafi da 'yan mata, ko da hakan zai sa a rage kwana ɗaya.

Ranar farko ta sabon zango mukan ce wa ɗalibai su rubuta yadda suka yi hutu, mu kuma karɓi shafuka iri ɗaya: na ci abinci, na yi wasa, na je gidan kakata. Ba laifin yaran ba ne, abin da aka ba su suka rubuta. Damina mai zuwa za ta zo da ruwanta ko mun shirya ko ba mu shirya ba, rairayi kuma yana can yana matsowa gonakin mutanen Yusufari. Abin da ke hannunmu shi ne ko 'ya'yanmu za su girma suna jin waɗannan abubuwa a matsayin masifun da ke faɗowa daga sama, ko kuwa a matsayin halin ƙasarsu wanda ake iya fahimta a kuma yi masa tanadi. Wanda ya yarda da wannan magana, ya nemi maƙwabta huɗu ko biyar a buɗe littafin zubi da albashin Janairu.