A daina wanke banɗaki da ɗanyen asid

Da zarar ɗan haya ya tashi, ko sallah ta ƙarato, sai ka ga an aiki yaro ya sayo asid a tsohuwar robar ruwa, a kwarara shi a kan tayil ɗin banɗaki. Wuri ya yi fari tas, kowa ya yaba. Ni kuwa ina ganin ɓarna ce, kuma ganganci ne da rai.

Asid ba ya tsayawa a kan datti. Yana cinye simintin da ke tsakanin tayil, sai ruwa ya riƙa kurɗawa ƙarƙashi, bango ya jiƙe, fentin ɗakin da ke maƙwabtaka ya fara kumbura yana ɓarewa. Kan famfo ma yakan dushe, ba ya sake ƙyalli.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu haɗa shi da bilic irin su Hypo ko Jik, wai don ya fi ƙarfi. Wannan haɗin yana fitar da iskar kulorin, wadda aka kashe sojoji da ita a Beljiyam a 1915. Banɗakunanmu ƙanana ne, tagar ba ta wuce tafin hannu biyu ba, kuma yawanci yarinya ce ke durƙushe a ciki da buroshi, ƙofa a rufe. Idan tari ya sarƙe ta, ido na zubar da ruwa, a fito da ita iska nan take, a kai ta asibiti in numfashi bai daidaita ba.

Tabon da ake kwarara wa asid ma ba iri ɗaya ba ne. Farin ɓawon da ke toshe ƙofofin shawa ma'adinin ruwan burtsatse ne ya daskare. Ruwan khal ko lemun tsami na narkar da shi: a jiƙa tsumma a lulluɓe wurin na awa guda, sannan a goge. Jan zanen da ke gangarowa daga famfo tsatsa ce, bilic ƙara kama ta yake yi, ita ma tsami take so. Baƙin ɗigo-ɗigon lungu ne kaɗai aikin bilic, don funfuna ce, kuma za ta dawo muddin iska ba ta shiga.

Wanda daɓensa na marmara ne ko tarazo, ko lemun tsamin kada ya sa, zai ci fuskar dutsen. Sabulu da ruwan ɗumi sun ishe shi.