ARHAR DA KE DA HAWAYE A BAYANTA

Yau ba kishiya zan taɓa ba, ba kuma uwar miji ba. Kanmu zan taɓa, ni da ku, a kan wata ɗabi'a da ta shigo mana ta cikin wayar hannu, muka rungume ta hannu biyu muna kiranta sa'a. Kuma tun da fari in gaya muku, ni ce ta farko da ta aikata, don haka kada wata ta ce da ita nake.

A da, in mace za ta sayar da kayanta, dillaliya ce ke ɗaura su a ka ta bi gida-gida, wannan ta taya, waccan ta ƙara, har a kai inda mai kaya za ta sallama. Yanzu dillaliya ta daina yawo, ta buɗe zaure a WhatsApp. Sai ta ɗauki hoton gado ko firji ko keken ɗinki ta saka, ta ce a taya, wadda ta fi kowa kafin sallar isha'i ita ce da kaya. Gwanjo ke nan na zamani, kuma ba mu muka ƙirƙiro shi ba, domin ita kanta hukumar Kwastam ta Najeriya tun 2017 ta fara gwanjon kayan da ta kama ta intanet.

To ga abin da ya faru da ni a nan Gagarawa, cikin watan Fabrairu na 2023. Kun tuna lokacin canjin kuɗi, da aka sauya fasalin takardun N200 da N500 da N1,000, aka ce tsofaffin sun daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na cefane a hannu. A wannan tsakanin ne aka saka hoton wani keken ɗinki Butterfly, mai ƙafa, sumul kamar ba a taɓa hawansa ba, aka ce mai shi kuɗi hannu take so, ba ta son tiransifa. Ni kuwa Allah ya sa maigida ya dawo daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da 'yan sababbin kuɗi. Na taya N12,000. Wata ƙawata ta so ta ƙara, na kira ta na ce, "Don Allah ki bar mini wannan, in an saka firji ni ma zan bar miki." Ta janye. Sauran matan kuma, wasu ba su da tsabar kuɗi, wasu sabis ya ɗauke musu a daren. Isha'i ta yi, keke ya zama nawa.

Wallahi a daren nan har da 'yar rawata. Washegari na kira tela ya duba, ya ce ko a hannu na biyu keken nan ya fi N40,000. Na shiga gaya wa duk wadda ta shigo gidan cewa na yi sa'a. Surukata ce kaɗai ba ta yi mini barka ba. Ta daɗe tana kallon keken, sannan ta ce, "'Yar nan, kin tambayi na wace ce?" Na ce, "A'a Inna, ina ruwana da mai shi, ai ciniki ya faɗa." Ta ce, "To ki tambaya."

Sai da na yi mako uku ban tambaya ba, domin zuciyata ta san amsar ba za ta yi mini daɗi ba. Da na tambaya, ashe na wata baiwar Allah ce da ba ta daɗe da fita takaba ba, 'ya'yanta huɗu, da keken nan take ciyar da su. Ƙaramin ne ya kwanta, aka ce sai an kai shi asibiti a Gumel, mai mota kuma ya ce ba ya karɓar tiransifa. Ta karyar da sana'arta gaba ɗaya don ta sami na mota da na magani. Ni kuma na saye ina rawa.

Na san abin da za ku ce, domin ni ma shi na riƙa faɗa wa kaina. Za ku ce ai ba ƙwace na yi ba, ita ta sallama. Haba 'yan uwa! Wanda ruwa ya ci, ko takobi ka miƙa masa kamawa zai yi. Sallamawar mai ɗa a kwance ba irin sallamawar mai neman riba ba ce. Bakinta ne ya ce na sallama, zuciyarta ba ta ce ba.

Za ku ce rabo ne, Allah ne ya ba ni. To in rabo ne, me ya sa na kira ƙawata na hana ta ƙarawa? Rabon da sai an toshe bakin wasu kafin ya zo, wannan ba rabo ba ne, dabara ce. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan wannan tun da daɗewa. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an nuna cewa mutum zai iya roƙon wani daga cikin masu taya ya janye masa, amma bai halatta ya sa dukkansu su janye ba. Ni kuwa a daren nan mutum ɗaya ce tak take da ikon ƙarawa, ita kuma na rufe wa baki. Ku gaya mini, me ya rage na gwanjo a nan?

Kada a fahimce ni a baibai. Gwanjo ba haramun ba ne. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya sayar wa wani mabuƙaci shimfiɗarsa da ƙoƙonsa ta hanyar neman wanda zai ƙara, wani ya taya dirhami 1, wani ya ba da 2. Amma ku lura, an yi haka ne don kuɗin mai kaya ya ƙaru, ba don ya ragu ba. Amfanin gwanjo ke nan, idon jama'a ya taru a kan kaya har su kai darajarsu. Shi ya sa a kasuwar dabbobi ta Maigatari, inda ake kawo shanu da raƙuma har daga Nijar, da wuya a yi wa mai sa irin wannan wasoson, domin masu saye da yawa, kowa kuma ya san kuɗin sa. A waya fa? Ba ki ganin fuskar mai kaya, ba ki jin rawar muryarta, hoto kawai kike gani da lamba. Abin da kunya za ta hana ki yi a tsakar gidanta, sai ki yi shi kina kwance a kan gadonki.

Kuma ba kowace arha nake zagi ba. Wadda ta gaji da tsohon gadonta tana son sabon yayi, ta san kuɗinsa, ta ce a ɗauka ko nawa ne, saya ki more, Allah ya sa albarka. Arhar da nake faɗa iri uku ce: wadda aka samu ta haɗa baki, da wadda aka samu don mai kaya ba ta san darajar kayanta ba, da wadda aka samu don wuya ta kai mata iya wuya. An ruwaito cewa sahabi Jariru ɗan Abdullahi an sayo masa doki a kan dirhami 300, da ya ga dokin ya fi haka sai ya riƙa ƙara wa mai shi da kansa har ya kai 800. Shi mai saye ne fa, amma shi ke ƙara kuɗi. Mu kuwa sai mu ce wauta ce.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ke mai saye, kafin ki taya ki tambayi dalilin sayarwa. In kaya suka faɗo miki a kuɗin da ke kanki kin san bai kai rabin darajarsu ba, ki cika, ko ki ba ta rance ta riƙe abinta. Ke kuma dillaliya, ki ji tsoron Allah, la'adarki ba ta kai hakkin marayu ba. Ki sa ƙaramin farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, in kuma sabis ya ɗauke ko masu taya ba su taru ba, ki ɗaga zuwa gobe.

Ni dai daga ƙarshe na sa yara suka ɗora keken a kura, na bi su har gidanta. Na ce, "Yaya, ga kekenki. Kuɗin nan ki ɗauke su a rance, ki biya a hankali in kin yi ɗinki." Ba ta ce komai ba, sai ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Kafin babbar sallah ta biya ni tsaf, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ƙawayena har yau suna yi mini dariya, wai na zubar da garaɓasa. Su yi ta yi. Yau ke ce mai sababbin kuɗi a hannu, gobe wa ya sani ko hoton gadon aurenki ne za a saka a ce a taya kafin isha'i? In kin ga gemun ɗan uwanki ya kama da wuta, shafa wa naki ruwa, ko da yake mu ba mu da gemu, amma muna da kayan ɗaki.

Allah ya ba mu halaliyarmu, ya tsare mu da cin hakkin wani, amin.