Bindigar Gwanjo: Araha Ba Ta Ado

Bayan rugujewar Tarayyar Sobiyet a 1991, ƙasashen Gabashin Turai sun wayi gari da rumbunan makamai maƙil, baitulmali kuwa wayam. Sai suka shiga gwanjon su. Wani kaso ya tafi Amurka ta hanyar halal, inda ƙananan bindigogin soja irin su Makarov ta Bulgeriya da CZ 82 ta ƙasar Cek da Tokarev suka zama abin marmarin mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke son ya soke bindiga a ƙugu, ya rufe da riga, ba tare da ya kashe kuɗin sabuwa ba.

Doka ta ba shi dama. A 2008 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa ɗan ƙasa ’yancin mallakar ƙaramar bindiga a gidansa, a 2022 kuma ta ce ’yancin ya haɗa da fita da ita waje. A yau fiye da rabin jihohin ƙasar ba sa neman lasisi ga mai yawo da ita a ɓoye.

Hujjar masu saye ba ta banza ba ce. Makarov, wadda sojan Sobiyet ya karɓa a 1951, ƙarfe ce zalla, sassanta kaɗan ne, kuma ba ta cika cijewa ba. Talakan da ke unguwa mai hatsari shi ma yana da rai, ba attajiri kaɗai ba.

Sai dai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. An ƙera waɗannan bindigogi ne domin jami’i mai kube a bayyane, mai horo, mai shugaban da zai tuhume shi. Tokarev ta asali ba ta da madannin kariya na musamman. Masu shigo da ita Amurka ne ke liƙa mata shi domin cika sharaɗin doka. Harsashin Makarov ya bambanta da wanda aka fi samu a kantunan Amurka, kuma a 2021 gwamnati ta daina ba da sabon izinin shigo da harsasan Rasha, waɗanda aka san su da sauƙin farashi. Wanda harsashi ya yi wa tsada ba zai yawaita atisaye ba, maras atisaye kuwa hatsari ne ga kansa da maƙwabcinsa.

Akwai kuma farashin da ba a rubuta shi a rasit. A 2021 harbin bindiga ya kashe mutum 48,830 a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Makamin da aka saya domin ɓarawo yakan kwana a gida tare da fushi da baƙin ciki da yara masu bincike.

Me ya kawo wannan zance shafinmu? Tun da Gwamna Bello Matawalle ya shawarci mutanen Zamfara a 2022 su nemi izinin riƙe bindiga, ake ta kafa hujja da Amurka. Uzurin masu wannan ra’ayi a fili yake: an bar ƙauyuka a hannun ’yan bindiga. Amma Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ƙaramar bindiga cikin waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma mun ga abin da watsewar rumbunan Libiya bayan 2011 ta jawo wa Mali da maƙwabtanta. Ƙasar da ke da binciken tarihin mai saye a kantuna da asibitocin gaggawa tana binne dubbai kowace shekara. Ina ga wadda ofishin ’yan sanda ke nesa da ƙauyukanta?

Tsaron rai aikin hukuma ne. Mu matsa mata lamba ta sauke shi, kada ta sallame mu da shawarar kowa ya nemi tasa.