Mu Duba Kewayenmu: Siffar Dutse Takan Faɗi Sunansa

A watan nan za mu duba wani abu da ke cikin kowane gida, amma ba kowa ya taɓa lura da shi ba. Ku ɗebi gishiri kaɗan ku zuba a kan baƙin ƙyalle, ku kai shi wurin haske, ku duba da kyau. Za ku ga ƙwayoyi da yawa suna kama da ƙananan akwatuna, kowanne da fuska 6. Ba inji ne ya yanka su haka ba. Haka gishiri yake girma, ko a Bilma ne ko a bakin teku. Masana suna kiran irin wannan ƙwaya mai fuskoki sumul da suna kiristal.

Me ya kawo wannan siffa? Kowane abu an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, watau atam. Sa'ad da ma'adini yake girma, ƙwayoyin nan sukan jeru layi layi, kamar yadda magini yake jera tubali. Yadda suka jeru a ciki, shi ne yake bayyana a waje. A shekarar 1669 wani masani ɗan Denmak, Nicolas Steno, ya auna farin dutsen nan mai kama da gilashi da ake kira kwaz. Ya tarar ko dutsen babba ne ko ƙarami, dogo ko gajere, yadda fuska ta haɗu da 'yar'uwarta ba ya sakewa. A 1913 kuma William Bragg da ɗansa Lawrence, a Ingila, suka yi aiki da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, suka gano yadda ƙwayoyin gishiri suke jere. Aka ba su lambar Nobel a 1915.

Saboda haka kowane ma'adini yana da irin tasa siffa. Kwaz yana da gefe 6 da tsini, kamar fensir da aka fiƙe. Alif da ake sa wa ruwa don ya kwanta yakan fito da fuska 8, kamar dala biyu da aka haɗa gindi da gindi. Daimon ma sau da yawa haka yake fitowa daga ƙasa. Akwai kuma maika, mai ƙyalƙyali cikin yashin rafi, wanda yake ɓarewa falle falle kamar takarda. Waɗansu sukan girma kamar allurai, waɗansu kamar reshen itace. A cikin Sahara akwai wanda yake fitowa kamar fure, har ana ce da shi furen hamada. Duk da yawansu, masana sun kasa su gida 7 kaɗai.

To, me ya sa yawancin duwatsun da muke takawa ba su da fuskoki masu kyau? Gama kiristal yana bukatar abu biyu, lokaci da fili. In ya girma da sauri, ƙwayoyin sukan zama ƙanana. In kuwa wuri ya matse, sai su cunkushe da juna kamar dawa da aka shuka ba a tsuge ba. Amma inda aka sami abu biyun nan, sai abin mamaki. A shekarar 2000 masu haƙar ma'adini a Naica, a ƙasar Meksiko, suka faɗa cikin wani kogo wajen mita 300 a ƙarƙashin ƙasa. Suka tarar da kiristal na farin dutsen jibsam, wani tsawonsa ya kai mita 11. Sun girma ne a hankali cikin ruwan zafi, shekaru dubbai bisa dubbai.

Yanzu ga inda zancen ya shafi gidajenmu, iyaye mata musamman ku kasa kunne. Ku ɗauki dutsen kwalli na kasuwa, mai nauyi, mai walƙiya kamar azurfa. In kun fasa shi ya rabu akwati akwati, da ƙananan matakala, to siffarsa ta faɗi sunansa. Wannan shi ne galina, dutsen da ake narke dalma daga cikinsa, kuma fiye da kashi 86 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Dalma guba ce ga yara. Jariri yakan murza ido ya kai hannu baki, gubar ta shiga jini a hankali, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yaro ya tashi ba ya gane karatu, a ce daƙiƙi ne, alhali ba laifinsa ba ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma da yawa a jinin wani jariri da ake sa wa kwalli daga Nijeriya. Da aka auna kwallin, kusan kashi 83 cikin 100 dalma ce. Ba mu kuma manta da Zamfara ba, inda a 2010 yara wajen 400 suka rasu, domin ana niƙa dutsen zinariya mai haɗe da dalma a cikin gidaje.

Don haka kada a sa wa jariri irin wannan kwalli, ko da kaka ce ta kawo shi da ƙauna. A bayyana mata da ladabi. Kada kuma a daka dutsen ma'adini a tsakar gida ko a turmin abinci.

Yara, ga naku aiki. Ku narkar da gishiri cikin rabin kofin ruwan ɗumi har ya ƙi narkewa. Ku tsiyaye ruwan cikin faranti biyu, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa inda ba za a taɓa shi ba. Bayan ruwan ya bushe ku gwada girman akwatunan da suka fito. Ku rubuto mana wane faranti ne ya ci, da dalili.

Sai wata mai zuwa, ku huta lafiya.