Yis a abincin shanun madara: wace saniya yake yi wa amfani?

Sharhinmu na yau kan garin yis ne da ake sayar wa masu kiwon shanun madara, ana cewa yana ƙara nono.

Sai mu fara daga tumbin saniya. Cikinsa akwai ƙwayoyin halitta marasa adadi da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa da harawa, saniya kuma ta rayu da abin da suka fitar. Suna son wuri mara iska, mara tsami sosai. In aka cika wa saniya dusa da masara, aka rage mata ciyawa, sai tsami ya yi yawa a tumbin, masu narkar da ciyawa su raunana. Mai kiwo zai ga ta rage tuƙa, kashinta ya yi ruwa-ruwa da kumfa, wani lokaci har da ɗingishi. Mai kaɗa nono kuwa ita ke fara lura cewa man ya ragu.

A nan yis mai rai ke shigowa. Yana shanye ɗan iskar da ke shiga tumbi tare da abinci, yana kuma ƙarfafa ƙwayoyin da ke cinye tsamin. Kasuwarsa ta ƙara buɗewa bayan Tarayyar Turai ta hana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙara musu girma a 2006. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen waje sun nuna ƙarin kusan lita ɗaya a rana, amma ga shanun da dama suke ba da lita 30 ko fiye, ana kuma ɗura musu hatsi.

To, Bunajinmu da ke ba da lita ɗaya ko biyu, tana kalen karan dawa da rani, damuwarta yunwa ce. Yis ba zai cika mata ciki ba. Kuɗinsa gara a sayi harawa da ƙulin auduga, a ba ta ruwa mai kyau da kanwa, wadda ita ma tana rage tsami. Wanda zai amfana shi ne mai shanun da aka barbara da na Turai, irin waɗanda cibiyar NAPRI ta Shika ta daɗe tana aiki a kansu, in yana ba su dusa da yawa.

Shi ma ya kula: zafi da laima na kashe yis. Buhun da ya sha rana a shago ba shi da sauran ƙarfi. A duba ranar ƙarewarsa, a tuntuɓi malamin dabbobi kan yawan da za a zuba, a riƙa auna nonon kafin a fara da bayan wata guda. In kuɗin nonon da ya ƙaru bai biya kuɗin yis ba, a daina saye.