A Daina Bai Wa Yaranmu Takardar Masu Surutu

Ɗiyarmu tana aji uku a wata firamare a Barnawa. Idan aka ce a yi layi, tana yi. Idan aka ce kada a buɗe littafi lokacin gwaji, ba ta buɗewa, kuma tana mamakin wanda ya buɗe. Farkon zangon nan malamarsu ta naɗa ta monita, ta miƙa mata takarda da biro, ta ce ta rubuta sunayen masu surutu, ta fita. Yarinya ta rubuta suna goma sha ɗaya, har da na ƙawarta. Aka zane su. Tun daga ranar ita kaɗai take cin abincinta a lokacin tara, ana kiranta 'yar rahoto.

Da muka je makarantar, abin da aka gaya mana shi ne: "Ku koya mata zama da mutane, ta cika tsauri." Wannan maganar muke ƙi.

Aikinmu rubuta manhajar kwamfuta ne. A sana'armu, idan na'ura ta bi umarni daidai sai ɓarna ta fito, ba a zagin na'urar, ana komawa kan wanda ya rubuta umarnin. Yarinya ba na'ura ba ce, tana da zuciya, shi ya sa abin ya fi ciwo. An ce ta rubuta, ta rubuta. Wa ya gaya mata cewa akwai wata doka a ɓoye, wadda ta ce a tsallake ƙawa, a tsallake mai ƙarfi, a rubuta mutum biyu kawai don malama ta ga an yi aiki? Manya sun san wannan. 'Yar shekara takwas ba ta sani ba, kuma ita aka bari da baƙin jinin.

Tsawatar wa aji aikin malami ne, shi ake biya. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar ɗan aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi, aka yi ta cacar baki kan ilimin malami. Wannan ɗabi'a ta ɗora wa yaro aikin ɗan sanda kuwa ba a taɓa ta ba, tana nan a makarantun gwamnati da na kuɗi, daga Kakuri har Sabon Tasha. Kuma a lura, ba a zaɓar fitinanne. Wanda ya fi gaskata maganar malami ake zaɓa.

Mu ma ba mu fita ba. Da safe mu ce mata a bi doka, sannan idan cunkoso ya kama mu a hanyar Kachia mu bi hannun da ba namu ba tana zaune a baya tana kallo. Ta taɓa tambaya, muka ce mata sauri muke yi.

Za mu koya mata bambancin abin da ake kai ƙara a kansa, kamar duka da sata, da abin da ake kawar da kai. Wannan namu ne, yana kuma ɗaukar shekaru. Amma mun rubuta wa shugabar makarantar cewa a karɓe takardar nan daga hannunta, kada kuma a miƙa wa ɗan wani. Malama in za ta fita, ta nemi malami ya riƙe mata ajin.