Jami'ar Bayero Ta Buɗe Ƙofa, Saura Ta Gidajenmu

Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, magana ce a kan Jami'ar Bayero da 'ya'yanmu mata, musamman na irin yankinmu na Bacirawa da ke ƙaramar hukumar Ungogo.

Duk mai karanta littattafan Hausa ya san BUK, domin kuwa a can ne tauraruwar labari take haɗuwa da masoyinta. To amma nawa ne cikinmu suka san asalinta? A shekarar 1960 aka kafa ta a cikin Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka buɗe jami'ar Zariya a 1962 da sunan Sardauna, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zauna a ƙarƙashin Zariya. A 1977 ta zama cikakkiyar jami'ar gwamnatin tarayya, Dokta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko.

A farkon lamari mata ba su da yawa a ciki, saboda 'yan kaɗan ne ake bari su gama sakandare, su ma galibi 'ya'yan ma'aikata ne da masu sarauta. Amma waɗanda suka samu shiga ba su ba mu kunya ba. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i a nan ta yi digirinta na farko, ta koyar a nan, ta kuma riƙe ministar ilimi ta Najeriya daga 2010 zuwa 2013.

Yanzu in ka je tsohuwar jami'a ta wajen Kabuga, ko sabuwa ta kan titin Gwarzo, za ka ga mata birjik da hijabansu. Sai dai ka tambaya, 'yan ina ne? Daga Bacirawa zuwa can tafiyar adaidaita sahu ce, amma ga 'yar manomi kamar tafiyar Makka. Tun tana firamare an ɗora mata farantin talla don a tara kuɗin kayan ɗaki, kafin ta kai ga jarrabawar JAMB an sa rana.

Ni ban ce aure laifi ba ne, wallahi sunna ce mai ƙarfi. Abin da nake cewa shi ne aure da karatu ba kishiyoyi ba ne, matan aure da yawa suna shiga lacca da goyo. Me zai hana uba, ranar da aka zo neman aure, ya sa sharaɗin ci gaba da karatu a gaban waliyyai, kamar yadda ake tsayawa a kan sadaki? In kuɗi ne, tun 2024 gwamnatin tarayya ta fara bai wa ɗalibai bashin karatu, kuma ba a ce na maza ne kaɗai ba.

Maigidan da ya kai matarsa haihuwa Asibitin Malam Aminu Kano, inda jami'ar ke horar da likitocinta, yana ta addu'ar Allah Ya haɗa shi da likita mace. To 'yar wa yake so ta zama likitar? Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta bar matan karkara a baya ba, jajis ta riƙa turawa har ƙauyukansu.

Iyayenmu maza, mabuɗin yana aljihunku. Allah Ya sa mu dace, amin.